Ajin Asabar a Agege: Koyon WordPress da Ƙwayar Wake

A saman wani shagon gyaran waya a Agege akwai ajin kwamfuta na yara 'yan shekara 10 zuwa 14, yawancinsu 'ya'yan Hausawa 'yan kasuwa. Ranar Asabar ake yi, daga hantsi zuwa azahar, na tsawon mako takwas. Abin da ake koyarwa shi ne WordPress, manhajar tsara shafin intanet da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003. Sai dai hanyar koyarwar ta sha bamban da ta sauran wurare, ita ce ma dalilin da ya sa ajin ya cancanci a duba shi.

Ranar farko ba a taɓa kwamfuta. Kowane rukuni na yara uku ana ba shi kofin roba uku, da ƙasa, da ƙwayar wake tara, da rula. Kofi ɗaya a bakin taga, ɗaya a cikin kwali mai duhu, ɗaya a bakin taga amma ba ruwa. Yaran su tafi da su gida, kullum su auna tsiron su rubuta a littafi. Wannan awon shi ne abin da za su riƙa ɗorawa a shafinsu, don haka ba wanda yake kwafo labari daga wani wuri ya liƙa. Ka'idar da waken ya koya musu kuma ita ake bi a kan kwamfuta: ka rubuta abin da kake zaton zai faru, ka canza abu ɗaya kacal, ka duba, ka rubuta abin da ya faru.

Shafukan ba a kan intanet suke ba. An sa XAMPP a kowace kwamfuta, wadda ke haɗa manhajojin da WordPress ke buƙata kafin ta yi aiki, wato Apache da PHP da rumbun bayanai na MariaDB, sai WordPress ta yi aiki a cikin na'urar ba tare da data ba. Wannan dabara ce mai kyau, ga sauƙin kuɗi, ga shi hoton yaro ba ya fita duniya.

Darasi mafi armashi na mako na uku ne. Malamin yana tambaya: "In muka sauya wa shafin riga, rubutunku zai ɓace?" Yawancin yaran suna rubuta e. Aka sauya rigar, wato samfurin adon shafi da ake kira theme, launi da tsari suka canza, awon wake yana nan daram. Daga nan sai ya buɗe phpMyAdmin, manhajar leƙa cikin rumbun bayanai, ya shiga teburin wp_posts inda WordPress ke ajiye rubuce-rubuce, yarinya ta ga jimlar da ta buga da hannunta, "rana ta biyar, santimita huɗu", zaune a cikin layi ɗaya ba ado ba kwalliya. Ta gyara huɗu zuwa biyar a nan, ta koma shafin ta sabunta, ta ga ya canza. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya gane cewa rubutu daban, rigar shafi daban, kuma wannan shi ne ginshiƙin duk wata manhaja irin wannan, ko Joomla ce ko Drupal. Manya da yawa suna biyan kuɗin kwas su gama ba su fahimci haka ba.

Gwajin hoto ma ya yi kyau. Yaro ya ɗora hoto ɗaya na tsironsa, sannan ya leƙa foldar uploads da ke cikin wp-content, ya tarar hoton ya haihu: ƙarami mai pixel (ɗigon hoto) 150 da 150, na tsakiya mai 300, babba mai 1024. Sai dai a nan akwai tuntuɓe. Ana son yara su gwada saurin buɗewar hoto mai nauyi da mara nauyi, amma tun daga WordPress 5.3 manhajar da kanta take rage duk hoton da ya wuce pixel 2560, kuma sau da yawa ƙaramin kwafi take nunawa. Ga shi komai a cikin na'ura ɗaya yake, don haka duka biyun nan take suke buɗewa. Sai an danna maɓallin F12 a Chrome an rage saurin sadarwa da gangan kafin bambancin ya fito, kuma ba kowane rukuni ake nuna wa hakan ba.

Rabon muƙami yana tafiya daidai: ɗaya edita, biyu masu ba da gudummawa, waɗanda za su iya rubutu amma ba za su iya wallafawa ko ɗora hoto ba, sai editan ya duba ya wallafa. Duk mako ana juyawa.

Inda ajin ya gaza shi ne wuta. Kwamfutocin na hannu ne daga kasuwar Ikeja, batirin wasu ya mutu. In NEPA ta ɗauke ana tsakiyar aiki, na'urar ta mutu farat ɗaya, rumbun bayanan yakan lalace, MariaDB, wanda XAMPP ke kira MySQL, ya ƙi tashi, shafin ya ce ya kasa haɗuwa da rumbu. Maganin bai wuce minti biyar ba: kafin a tashi, a fitar da kwafin rumbun daga phpMyAdmin, a kwafe foldar wp-content, a zuba su a filash. Ba a koyar da wannan sai mako na bakwai, alhali ya kamata ya zo a na biyu.

Sai batun haruffanmu. Yaran suna rubuta Hausa, amma ba a sa musu hanyar buga ɓ da ɗ da ƙ ba, don haka "ƙasa" da "kasa" duk ɗaya suke fita. WordPress tana karɓar waɗannan haruffa lafiya lau. Matsalar daga allon bugawa take, sai kuma wasu rigunan shafi da salon rubutunsu ba shi da su, harafin ya fito a karkace ko ya zama akwati. Wannan ma gwaji ne a shirye: jimla ɗaya, riga uku, a ga wadda ta fitar da ƙ daidai.

Mai son kai ɗansa ya tambayi abu biyu kafin ya biya: yara nawa ne a kan kwamfuta ɗaya, kuma akwai janareta ko inbata. In sun wuce uku, na huɗun kallo kawai zai yi. A haɗa shi da filash da littafin rubutu mai layi, kuma a ba shi gefen taga a gida inda awaki da kaji ba za su kai ga kofunan ba.