Lauyoyin tsawaita wa'adin fulat a Ingila: ina suke gazawa?

A Ingila, yawanci mallakar fulat ta wa'adin wasu shekaru ce daga mai ƙasa, kuma ana biyan kuɗi a tsawaita wa'adin. Ofisoshin da ke haɗa maka lauya da mai ƙiyasin darajar gida a farashi guda sun cancanci kuɗinsu, muddin dokar tsawaita wa'adi ta 1993 suke bi: ƙarin shekara 90, hayar ƙasa kuma ta koma sifili. Su ke aika wa mai ƙasa sanarwar sashe na 42 na dokar, wato takardar neman ƙarin wa'adin a hukumance.

Sai dai farashin nan bai ƙunshi kuɗin lauyan mai ƙasa da mai ƙiyasinsa ba. Kai za ka biya, ga kafin alƙalami na kashi 10 cikin ɗari na kuɗin tsawaitawar da ka taya. Jan ƙafar ofisoshin ya fi ciwo: in ragowar wa'adi ya gaza shekara 80 kafin sanarwa ta fita, kuɗin tsawaitawar sai ya yi tsalle. Tambayi wa ke lura da wata shidan shigar da ƙara bayan amsar mai ƙasa. In ya wuce, sai jiran shekara guda.