Gargaɗi: Kada a Sayar Muku da Mataccen Tok-Kwanbata da Sunan Gyararre

Jama'a, duk mai motar tsere ko wata mota mai ƙarfin inji da ke aiki da giyar otomatik, ya buɗe kunnensa da kyau. Akwai wata damfara da ake yi a shafukan saye da sayarwa na intanet da kuma wasu garejoji, wadda aka gina ta kacokan a kan abu guda, wato tok-kwanbata, ƙarfen nan mai kumburi da ke zaune tsakanin inji da giyabos. Ana yin ta hawa biyu. Da farko a tsorata ka cewa naka ya mutu alhali lafiyarsa lau, sannan a sayar maka da wani da aka tsinto daga motar da ta gama yayi, an wanke shi, an fesa masa fenti, an ce gyararre ne. Wani lokacin mutum ɗaya ne ke yin duka biyun, wani lokacin kuma bakanike da mai kaya ne suka haɗa baki.

Ba banza macuta suka zaɓi wannan ƙarfe ba. A rufe yake ruf da walda, ba shi da murfi, ba shi da noti da za ka kwance ka leƙa cikinsa. Sannan ba a isa gare shi sai an sauke giyabos gaba ɗaya. Abin da ba ka iya gani a jikin mota, ba ka kuma iya gani ko an ɗora maka shi a hannu, to shi ne daidai da ɗan damfara. Cinikin biri a sama ke nan.

Amma abin da ke cikinsa ba asiri ba ne. Tun 1948 kamfanin Buick ya saka shi a motocinsa, don haka an daɗe da sanin halinsa da irin ciwon da yake yi. A ciki akwai wata farfela da inji ke juyawa, tana watsa man giya da ƙarfi a kan farfela ta biyu, ita kuma ta juya sandar giyabos. Tsakaninsu akwai ƙaramar farfela ta uku da ke karkato da man, ita ce ke ninka ƙarfin inji kusan sau biyu a lokacin tashi. Sai kuma wani kuloci da ke kamawa idan mota ta miƙa hanya, ya haɗe inji da giya kai tsaye don rage zafi da shan mai. Mafi yawan kukan da masu mota ke yi, daga wannan kulocin yake fitowa, ko daga abubuwan da ke sarrafa shi.

Kafin komai, ka tabbatar motarka ma tana da shi. Wannan ba wasa ba ne. Motocin tsere da yawa suna canja giya da kansu amma babu tok-kwanbata a cikinsu ko kaɗan, kuloci biyu suke amfani da shi. Porsche mai giyar PDK haka take, Nissan GT-R da ta fito a 2007 haka take, Corvette ta 2020 zuwa yau ma haka. Giyar MCT da ke cikin wasu motocin Mercedes-AMG ita ma kulocin da ke cikin mai aka saka mata a madadinsa. Waɗanda ke da shi su ne irin su Toyota GR Supra mai giya takwas ta kamfanin ZF, Mustang mai giya goma daga 2018, Nissan 370Z mai giya bakwai, da tsofaffin Porsche masu Tiptronic. Duk wanda ya dubi mota mai kuloci biyu ya ce maka kwanbatanta ya lalace, ko dai bai san aikin ba ko kuma aljihunka yake hari. Ko wanne ne, ɗauki makullinka ka tafi.

To idan tana da shi fa? Alamar da aka fi kawo kuka a kanta ita ce karkarwa. Kana tafiya a natse, wajen kilomita 50 zuwa 80 a awa, ƙafarka a kan totur sama-sama, sai ka ji motar ta ɗau rawa kamar ka hau gargada, bayan ɗan lokaci ta daina. Da ka faɗa wa macuci haka, ba zai bari ka rufe baki ba zai yanke hukunci. Alhali wannan karkarwar tana da iyaye da yawa. Filogi ko kwayil da ya fara gajiya yana kawo ta, kuma a daidai wannan yanayin, domin lokacin da kuloci ya kama ne duk wata tangarɗar inji ke ratsowa har kujerar direba. Kujerun inji da suka tsage suna kawo ta. Man giya da ya tsufa, ko wanda ba nasa ba, yana kawo ta.

Batun man nan ya kamata a tsaya a kansa. Motocin General Motors masu giya takwas, ciki har da Corvette ta 2015 zuwa 2019 da Camaro daga 2016, sun yi fama da wannan karkarwa, har kamfanin ya fitar wa garejojinsa takardar umarni mai lamba 18-NA-355. Abin da takardar ta ce a fara yi shi ne a zuƙe tsohon man a zuba wani sabon nau'i. Mai kawai. Idan kamfanin da ya ƙera motar da kansa ya ce a fara da mai kafin a taɓa ƙarfe, wane dalili ne zai sa wani ya ce maka a sauke giyabos tun bai duba launin man ba? Haka kuma a baya kamfanin ZF ya daɗe yana ba da shawarar a canja man giyarsa tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, duk da cewa wasu masu ƙera motoci na cewa man na har abada ne. Da yawan motocin da ake yanke wa kwanbatansu hukuncin mutuwa, ba a taɓa canja musu mai ba tun fitowarsu.

Akwai ɗan gwaji da za ka iya yi da kanka a hanyar da babu cunkoso. Idan karkarwar ta fara, kada ka ɗage ƙafa daga totur, ka sa ƙafar hagu ka ɗan shafi birki kaɗan, daidai yadda fitilar birki za ta kama. A motoci da yawa wannan na sa kulocin ya saki. In karkarwar ta ɗauke nan take, to matsalar tana wajen kulocin ko man ko abin da ke sarrafa shi. In ta ci gaba, a koma duba inji da ƙafafu. Gwajin bai isa a yanke hukunci da shi ba, amma ya isa ya hana a raina maka hankali.

Wani makamin nasu shi ne kwamfuta. Za a jona na'ura, a nuna maka lamba kamar P0741, a ce ka gani da idonka. Lambar nan abin da take nufi shi ne kulocin bai kama yadda ake so ba. Ba ta ce kwanbata ya mutu ba. Solonoyid da ya toshe, wato ɗan bawul mai aiki da lantarki da ke buɗe wa mai hanya, ko akwatin bawul da ya cinye, ko ƙarancin mai, duk suna haifar da ita. P0740 da P0743 kuwa sun fi karkata ga wayoyi da wutar lantarki. Bakanike na gari zai hau motar tare da kai, na'urar tana jone, ya nuna maka bambancin juyin inji da juyin sandar giya a lokacin da kwamfutar motar ta ba kuloci umarnin kamawa. Idan ya kama sosai, bambancin kusan babu ne ko ɗan kaɗan. Idan yana tsalle zuwa ɗaruruwa, to akwai sulɓi. Wannan ita ce hujja. Wanda ya ƙi yin wannan gwajin, ya ce shi da jin ƙara kawai yake ganewa, kada ka ba shi aikin.

Sai dabarar farantin ƙasan giya, wadda ta tsufa amma har yanzu tana cin mutane. A kwance farantin, a dangwalo baƙin tabo daga jikin mayen ƙarfen da ke ciki, a shafa maka a yatsa, a ce giyarka tana cin kanta. Laushin tabo mai ruwan toka a jikin mayen ƙarfe abu ne da ake samu a kowace giya mai lafiya, don shi ma aka saka mayen ƙarfen. Abin tsoro shi ne ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi da za ka ji a yatsa, ko gutsattsarin fatar kuloci, ko man da ya yi baƙi yana warin ƙuna. Kuma ka tsaya a kwance farantin a gabanka, don kada a nuna maka dattin wata motar.

Yanzu mu ce an yi duk gwaji, an tabbatar kwanbatan ne. Nan hawa na biyu yake, kuma nan aka fi yin asara.

Gyaran gaskiya aiki ne na masu kayan aiki. Ana ɗora shi a injin yankan ƙarfe a yanke waldar, a raba shi biyu, a wanke, a canja fatar kuloci da boris da robobin hana yoyo, a duba ƙaramar farfelar nan ta tsakiya, a mayar a yi walda daidai tsakiya, a gwada shi da iska ko yana yoyo, sannan a daidaita nauyinsa don kada ya girgiza in yana juyi. Ɗan damfara ba ya yin ko ɗaya. Wanki da fenti ne aikinsa. Fentin ma ba don ado kawai ba ne, yana ɓoye shuɗin tabon da zafi ke bari a jikin ƙarfen da ya taɓa ƙonewa. Ba na cewa duk mai fenti jabu ne, masu gyaran gaskiya ma suna fesawa. Fentin dai ba shaida ba ne.

Ka dubi wuyansa, wurin da ke shiga famfon giya, domin nan ba a fesa fenti. In ka ga zane ko rami da farce ke kamawa, ba a gyara shi ba. Ka kifa shi a kan farin ƙyalle, ka ga abin da zai ɗigo. Baƙin mai ko ƙyalƙyalin ƙarfe sun gama ba ka labari. Ka nemi lambar da ke jikinsa ka gwada da lambar da ta dace da motarka, domin kwanbata biyu na iya kama da juna a ido, su shiga wuri ɗaya, amma halinsu ya bambanta. A intanet kuwa, ka nemi hoton ainihin kayan, a ajiye takarda mai kwanan watan ranar a gefensa. Mai hoton sata ba zai iya ba, sai ya fara kawo uzuri yana ce maka saura ɗaya, wani na jira. In kuma ya ce ku bar shafin ku gama ciniki a gefe, ka tura kuɗi kai tsaye don ya rage maka, to kariyar da shafin ke ba mai saye yake so ya raba ka da ita.

Masu motocin tsere suna da wani tarko na musamman, wato kwanbatan ƙarin gudu, wanda ke barin inji ya hau juyi sosai kafin mota ta zabura. Akwai na gaskiya, kuma yana aiki. Sai dai lambar juyin da ake rubutawa a talla ba a jikin ƙarfen kaɗai take ba, ta dogara da ƙarfin injin da ke gabansa. Shi ya sa mai ƙera na gaskiya zai dame ka da tambaya: wane inji, an ƙara masa ƙarfi ko a'a, nauyin motar nawa, wace irin taya, titi za ka hau ko filin tsere. Wanda bai tambaye ka komai ba ya ce nasa na shiga kowace mota, ba ƙera shi ya yi ba. Ko na gaskiyar ma yana ƙara wa mai zafi, sau da yawa sai an ƙara na'urar sanyaya mai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne garantinsu. Za su rubuta maka shekara guda ba tare da fargaba ba, saboda sun san lissafin. Kafin ka gane kayan matacce ne, ka riga ka biya kuɗin sauke giyabos da mayarwa da sabon mai. In ka koma, sai a ce mai ɗaurawa ne bai zaunar da shi daidai ba. Kuma da yake gaskiya ne kwanbatan da bai zauna sosai ba yana fasa famfon giya, ƙaryar tasu sai ta sami gindin zama. Mafi muni, dattin da ke cikin mataccen kwanbata ba ya tsayawa a cikinsa, yana bin mai ya zagaye giyar duka, ya toshe bawul, ya maƙale a na'urar sanyaya mai. Mutumin da ya shigo da 'yar karkarwa sai ya fita da giyabos da ke neman gyara daga tushe. Don haka kafin ka biya, a rubuta maka abin da aka canja a ciki, da wanda zai ɗauki kuɗin aiki in kayan ya gaza. Kuma ka sa wa tsohon naka alama da ƙusa a wani lungu in kana da hali, ko ka ce a ba ka shi bayan an gama, domin akwai masu fesa wa naka fenti su mayar maka da shi, su karɓi kuɗin sabo.

Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, kada ya mayar wa mai kayan da kwanbatan tukuna, domin shi ne hujjarsa. Ya daina hawa motar, ya adana rasit da tallar da duk saƙonnin da suka yi, ya kai kayan wurin ƙwararren mai gyaran giya da ba shi da alaƙa da cinikin, a yanke shi a gabansa, a ɗauki hoton abin da ke ciki, a rubuta masa rahoto. Da wannan zai kai ƙara ga shafin da ya yi sayayyar da bankinsa da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarsa, kuma ya hanzarta, domin shafuka da bankuna suna da wa'adin karɓar ƙorafi, in ya wuce ba sa saurare.