Damina biyu ina feshin maganin ciyawa a kan kiri-kirin tsakar gidana

Ranar da Baba ya zo Abuja ganin likitan ido ya sauka wurina a Kubwa, ya daɗe tsaye a bakin baranda yana kallon koren filin da nake taƙama da shi. Can ya sunkuya ya tsinko sili ɗaya, ya jujjuya a hannu.

"Kai, wannan ai kiri-kiri ce. Kuɗi ka sa ka saye ta?"

Na ce, "Eh Baba, masu fulawa Bamuda suke ce mata, wasu kuma Bahama."

Bai ƙara magana ba. Amma ina jin labari har yau yana ba abokan hirarsa dariya da ɗansa mai ba kiri-kiri ruwa da tiyo. Ban ga laifinsa ba, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tone ta daga kunyar gero. Ni kuwa damina biyu ke nan ina faman kare ta daga sauran ciyayi, kuma na san akwai masu irin filina a Gwarimpa da Lugbe da ke shirin ɗaukar kwalba su fesa da ka.

Filin ba wani girma gare shi ba, mita 8 ne da mita 12. Ni na jawo wa kaina. Da rani na sa aka kawo ɗanyen takin shanu buhu 6 aka baza, wai ciyawa ta yi kyau, na manta wani daga cikin irin da saniya ta ci a daji yana nan cikin kashinta da ransa. Ruwan Afrilu na sauka sai ga tafasa, ga kashin-yawo, ga zaki-banza da nonon kurciya da balasa, ga tuji da harkiya. Aya-aya dama ta riga su zama a gindin tankin ruwa. Wata guda ni da yara muna cira da hannu duk Asabar, kafin mu kai ƙarshen fili farkon ya sake tofowa.

A shagon kayan noma da na je, yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, gonar masara ce ko shinkafa?"

Na ce ciyawa ce.

"To me za a kashe?"

"Ciyawar da ke cikin ciyawar."

Ya yi dariya ya miƙo mini wata kwalba. Wani dattijo da ke zaune kan benci yana jiran canjinsa ya leƙo ya ce, "Kai yaro, kada ka ba shi wannan, share masa filin zai yi tas. Ba shi mai zaɓe, na shinkafa." Wadda aka fara miƙo mini gilaifoset ce, mai kashe duk koren da ta taɓa. Wadda dattijon ya nuna kuwa 2,4-D ce. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ko sunansa ban tambaya ba.

Shi 2,4-D tsohon magani ne, tun shekarun 1940 ake aiki da shi. Mai faɗin ganye yake kamawa, ya ƙyale masu siririn ganye, shi ya sa ake fesa shi a kan shinkafa da masara, kuma kiri-kiri 'yar dangin su shinkafa ce. Kamfanoni da yawa na sayar da shi, kowa da sunan da ya raɗa masa. Ka ƙyale babban sunan da ke gaban kwalba, ka nemi ɗan ƙaramin rubutun da ya faɗi sinadarin da ke ciki, ka kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Tawa an rubuta giram 720 a kowace lita.

Inda na fi jin haushin kayan nan shi ne awo. Takardar jikin kwalba da Turanci take, rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, kuma manomi take yi wa magana: masara, shinkafa, rake, lita kaza a hekta. Babu ko layi ɗaya don mai tsakar gida. Da na tambayi yaron shagon sai ya ce gwangwanin madara ɗaya a famfon goyo. Na dawo gida na zauna da biro. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, filina bai cika 100 ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Idan hekta za ta ci lita 2, rabona mililita 20 ne kacal. Gwangwanin madara kuwa yana cin wajen 150. Awon nasa na mai zagaya gona ne da famfo cike, da na juye shi duka a ɗan filina da na ninka abin da ake bukata sau bakwai. Sai na sayo sirinji a kemis, da shi nake awo. Ruwan da zan haɗa ma gwadawa na yi: na zuba ruwa zalla a famfo, na taka filin da tafiyar da na saba, na ga lita 4 ya isa.

Duk da lissafin nan sai da na yi ɓarna biyu a feshin farko, kuma ba laifin maganin ba ne.

Famfon aro na yi wurin mai gadin maƙwabcina, wanda da shi yake ƙone ciyawar bayan katanga. Ɗauraya ɗaya na yi masa. Bayan kwana takwas sai ga layi biyu rawaya shar daga bakin baranda zuwa tsakiyar fili, daidai inda na fara. Ragowar gilaifoset ce da ta maƙale cikin tiyon famfon. Allah ya taimake ni kiri-kiri ba ta mutuwa da sauƙi, ta yaɗo daga gefe ta rufe wurin, amma sai da ta ci mako shida. Tun daga nan na sayi ƙaramin famfo mai lita 5, na rubuta masa "mai zaɓe kawai" da fenti, ba na ara ba na bayarwa.

Ta biyun ita ta fi tsada. Da la'asar na yi feshin, ga 'yar iska tana kaɗawa. Uwargida na da tumatir da kuɓewa a bokitai jikin katanga, ga ɗan bishiyar gwanda. Ban nufe su da famfo ba ko sau ɗaya, iska ce ta kai musu. Cikin mako sabbin ganyen tumatirin suka fito sirara, a nannaɗe, kan ya lanƙwashe ƙasa. Ta kira ni ta nuna mini, ta ce, "Alhaji, a kan ciyawar da ba a miya da ita ka kashe mini kayan miya?" Ba ni da ta cewa. Tumatir ba ya jure 2,4-D ko ƙanƙani, haka kuɓewa da yawancin fulawoyi. Yanzu da sassafe nake yi, raɓa ta ɗan bushe, iska a kwance, bakin famfo kusa da ƙasa, bokitanta kuma a kwashe su zuwa bayan gida tukuna.

Aikin maganin kansa fa? A kan abin da aka yi shi dominsa, ya burge ni. Washegari da yamma tafasa ta fara sunkuyar da kai. Kwana uku, karan zaki-banza ya murɗe kamar igiya, saboda maganin kwaikwayon sinadarin girman tsiro yake yi, sai tsiron ya kama girman hauka har ya halaka kansa. Kafin mako uku tafasa da kashin-yawo da zaki-banza sun zama tarihi, kiri-kiri kuwa ta ɗan yi fari-fari na kwanaki ta dawo. Nonon kurciya sai da na maimaita bayan wata guda. Balasa ta fi su taurin kai: ƙananan sun mutu, manyan suka kwanta kamar sun tafi, sannan suka sake tsirowa daga gaɓoɓin kara. Ita har a ƙarƙashin ƙasa take fure ta yi iri, don haka manyan da hannu nake cirewa in zuba a buhu, don idan ka yar a gefe kamawa za su yi.

Sharuɗɗansa ba su da yawa amma ba ya yafe su. Kada a yanke ciyawa kwana biyu kafin feshi da kwana biyu bayansa, ganye yake bukata ya sha. Yana son kamar awa 6 babu ruwan sama, kuma a Abuja cikin Agusta samun wannan sai da sa'a; sau ɗaya hadari ya wanke mini aikin safiya guda. A zafin Maris kuwa ban yarda a fesa 2,4-D ba, ita kanta kiri-kirin tana jin jiki. Ga wari mai hawa kai. Safar hannu, takunkumi da takalmin roba nake sawa, yara kuma ba sa taka filin sai washegari.

Tuji da harkiya ko gezau ba su yi ba, kuma ba za su yi ba, su ma dangin kiri-kiri ne. A damina ta biyu na tare su tun kafin su fito da fendimetalin, wanda ake fesa wa ƙasa ya hana iri tsirowa. Na fesa a ƙarshen Maris, na bi da ruwan tiyo don ya sauka ƙasa. Bambancin a bayyane yake, harkiya ta ragu ƙwarai har wajen Yuli, lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. Illarsa launi: ruwan ɗorawa ne mai kama jiki, har yau akwai tabonsa a intalok ɗin bakin ƙofa da wani farin silifas nawa. Kuma wanda ya dasa sabuwar ciyawa ya dakata, domin yana hana yaɗon kafa saiwa. Tsohon tuji da ya riga ya yi gindi, wuƙa na sa na tone shi ɗaya bayan ɗaya.

Wani ya ba ni shawarar farakwat, wai yana aiki cikin yini. Na ƙi. Duk ganyen da ya taɓa yake ƙonewa, guba ce mai kisa da ba ta da makari, kuma NAFDAC ta sanar da haramta shi. Haka na ƙi wata dabarar da ake yi a jihohin kudancin ƙasar Amurka, inda suke fesa gilaifoset a kan Bamuda lokacin sanyi: can ciyawar barci take yi ta bushe ƙurmus. Tamu da muke ba ruwa cikin hunturu idonta biyu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne taimakon da taki da yanka suka yi. Da na koma zuba yuriya kilo 1 a filin duk bayan mako shida cikin damina, in bi da ruwa nan take, in kuma yanke ciyawar ƙasa-ƙasa duk mako, sai ta yi kauri kamar darduma, baƙon iri ya rasa inda zai sa ƙafa. Bana sau ɗaya kawai na fesa 2,4-D, shi ma tabo-tabo. Ƙarƙashin mangwaro ne kaɗai ya gagara, kiri-kiri ba ta son inuwa, kuma babu kwalbar da za ta gyara wannan. Na bar wa uwargida wurin ta jera bokitanta, an yi sulhu.

Zan sake sayen 2,4-D? Da wuya bukatar ta taso nan kusa, don lita guda a awona feshi 50 ce, za ta lalace ban kai rabi ba. Da ana samun 'yar ƙaramar kwalba da ta fi mini. Maƙwabta kan zo neman ɗan tsiyaye, ni kuma ba na zuba wa kowa a gorar lemo, gidajenmu cike suke da yara. Wanda ke so in je da sirinjina in auna masa cikin famfonsa.

Saura aya-aya. 2,4-D na ƙone mata kai, bayan mako biyu ta dawo, domin ƙwayoyinta na jere a ƙarƙashin ƙasa kamar carbi, ka ciri ɗaya ka tayar da uku. Kwana biyu bayan yanka za ka gan ta ta ɗara kowa tsawo, tana sheƙi. Akwai maganin da aka yi dominta, halosalfuron, na zagaya shaguna huɗu ban samu ba. Abin da nake yi yanzu, in bar ta ta yi tsawo, in tsoma ɗan burushin fenti cikin gilaifoset in shafa wa ganyenta ɗaya-ɗaya, ina tsugune kamar mai sa lalle. Tana ɗaukar wajen kwana 10 kafin ta yi rawaya. Na kuma gyara bututun tankin da ke ɗiga, don damshi take bi. Daga kusan tabarma biyu ta koma kamar faɗin faranti, amma jiya da safe na ƙirga sabbin kai tara.