Gargaɗi ga masu zuwa sari Bankok: ku kula da masu tallar "kwana uku zuwa Angkor"

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, domin akwai kunya a ciki, kuma ni na jawo. Amma makon jiya ƙanin wani abokina ya turo mini hoton talla a WhatsApp yana tambaya ko na san masu harkar. Ina dubawa na ga takardar nan ce sak da aka miƙa mini a Pratunam, unguwar 'yan sari ta Bankok, a farkon 2024. An sauya suna, an sauya launi, amma hoton hasumiyoyin Angkor Wat, tsohon ginin bauta na ƙasar Kambodiya, da rana ke fitowa a bayansu yana nan, da alkawarin nan na "komai a ciki".

Ni yaron kasuwa ne, ina yi wa maigidana sarin riguna da takalma a Bankok, kuma saboda yawan zirga-zirga bizata ta shiga da fita sau da yawa ce. A wannan karon Alhaji da kansa ya biyo ni, zai ga likita ya kuma gaisa da masu ba mu kaya. Tasa bizar ta shiga ɗaya ce. Ku riƙe wannan, don nan ne aka yanke mu.

Mun gama sari, kaya suna wajen 'yan kago, asibiti sun ce a dawo bayan kwana biyar a karɓi sakamako. Zaman otal ya ishi Alhaji. A lungun da muke cin abinci akwai wani mai teburi da kundin hotuna a cikin leda, tare da wani ɗan kamasho ɗan Afirka ta Yamma mai jin Hausa kaɗan-kaɗan. Sallamarsa ce ta fara sayen mu. Ya ce baht 4,000, kuɗin Tailan, kowane mutum: mota zuwa da dawowa, bizar Kambodiya, otal kwana biyu, tikitin shiga tsofaffin gine-ginen Angkor na kwana uku, da ɗan jagora. Ni da nake ƙirga ribar kowane dozin na riga har da kuɗin leda, ban tsaya na yi wannan lissafin ba. Bizar yawon buɗe ido ta Kambodiya dala 30 ce, tikitin Angkor na kwana uku dala 62. Dala 92 ke nan, wajen baht 3,200 a canjin lokacin. To da baht 800 da suka rage za a kai ka kilomita 400 a dawo da kai, a kwantar da kai dare biyu, a biya mai yi maka bayani? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alhaji ya fi ni hankali. Kafin ya ciro kuɗi ya ce, "Kai yaro, tambaye shi, in mun fita ƙasar nan za su bar mu mu dawo?" Na tambaya. Mai teburi ya yi dariya ya ce ba matsala, tafiyar kwana uku ba a ƙirga ta a fita, kullum suna kai mutane. Na juya na fassara wa Alhaji, har da ƙarin gishirina: "Ranka ya daɗe, ya ce aikinsu ke nan." Aka rubuta mana rasit da hannu, da rubutun Tailan wanda ba na iya karanta ko harafi ɗaya.

Ƙarfe bakwai na safe hayis ta ɗauke mu. Aka manna wa kowa ɗan siti mai launi a ƙirjin riga kamar buhun da za a loda. Daga Bankok zuwa Aranyaprathet, garin bakin boda, kusan kilomita 250 ne, tafiyar awa huɗu. Sai da muka ci awa bakwai, ana tsayawa a duk gidan abincin da direba ke da kamasho.

Kafin a kai boda da 'yan kilomita sai motar ta saki titi ta shiga wani gida mai rumfa. An kafa tutar Kambodiya, ga tebura, ga fom a jere, ga mutum da farar riga da katin shaida rataye a wuya. Ya ce nan ne ofishin biza, a kawo fasfo. Turawan da ke motar baht 1,800 aka ce su biya. Da ya ga koren fasfo sai ya ɗaga kai ya dube mu, ya ce namu 3,000, wai na Afirka sai an kira babba a waya. Na zaro rasit na ce ai mun biya tun Bankok. Ya karanta, ya nuna mini layi biyu da yatsa: mota, ɗaki. Abin da aka rubuta ke nan, ba biza, ba tikiti, ba ɗan jagora. Na kira mai teburi, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Fasfunanmu kuwa tuni wani yaro ya zuba su a jaka ya hau babur da su.

Nan dabarar take, kuma ita nake so ku gane. Ba sa yi maka fashi, ba sa ɗaga murya. Suna bari sai ka yi nisa da inda ka sani, rana ta take, fasfonka ba ya hannunka, sannan a faɗa maka sabon farashi cikin ladabi. Gidan nan ba ofishin kowace gwamnati ba ne. Yaron babur ɗin zuwa yake ya yo bizar a inda kowa ke yi, a farashin da kowa ke biya, sauran su raba. Wani Bature da ya ƙi bayar da fasfonsa aka ce motar ba za ta jira shi ba. Ya saɓi jakarsa ya tafi a ƙafa, kuma da muka tsallaka muka same shi zaune yana shan ruwan kwakwa, ya riga mu da awa guda.

Mun wuce kasuwar Rong Kluea, aka buga mana hatimin fita daga Tailan, muka taka gadar zuwa Poipet. Gari ne na gidajen caca, dogayen benaye a bakin boda, bayansu ƙura da 'yan tura kura. A gefe guda, duk wanda ya ce zai sama wa ɗanku "aikin kwamfuta" a Poipet, ku riƙe ɗanku, don garin ya yi ƙaurin suna wajen gidajen da ake tsare mutane ana sa su damfarar intanet. Wannan zance ne na wata rana.

A can wani sabon mutum ya karɓe mu, ya gane mu da sitin ƙirji. Ya ce a Siem Reap, garin da ke kusa da Angkor inda za mu sauka, ba a karɓar dala, injin cire kuɗi duk sun lalace, gara mu yi canji yanzu. Ya kai mu wani kanti aka ba mu riyel, kuɗin Kambodiya, 3,300 a dala, alhali ana canzawa sama da 4,000. Alhaji ya canza dala 300, aka cika masa aljihu da takardu. Ƙarya ce tsagwaronta. Dala tana yawo a Siem Reap kamar kuɗin ƙasar, tikitin Angkor ma da dala aka yanka shi. Abin da kawai za ka kiyaye, takardar ta zama sabuwa, don mai yaga ko tabo sukan ƙi ta. Aka kuma karɓi baht 200 na wata "takardar lafiya", ga katinmu na rigakafin shawara a cikin fasfo babu wanda ya tambaya.

Poipet zuwa Siem Reap kilomita 150 ne a kan kwalta, ta Sisophon. Sai sha ɗayan dare muka shiga, kuma da gangan ne: mai isa da tsakar dare a gajiye ba ya musu da ɗakin da aka ba shi. Masaukin yana bayan gari, fanka ɗaya, famfo na ɗiga. Da safe babu ɗan jagora. Mai masauki ya ce shi ɗaki kawai aka biya masa, amma yana da ɗan'uwa mai tuk-tuk, irin babur mai jan keken zama, kuma in mun ba shi kuɗi zai sayo mana tikiti mu huta. Allah ya sa zuwa lokacin na farka. Tikitin Angkor hukuma ɗaya ke sayar da shi, Angkor Enterprise, a ofishinta da ke wajen gari ko a shafinta na intanet, kuma a lokacin da muka je da hotonka a jiki. Kwana ɗaya dala 37, uku 62, bakwai 72. Duk wanda ya ce zai kawo maka shi har ɗaki a rahusa, ka san inda ya dosa. Muka je da kanmu muka sayi na kwana ɗaya, don aljihu ya fara kuka.

Ba zan ɓata wajen ba saboda ɓarayin hanya. Mu ba bauta ta kai mu ba, kallon gini ne, kuma ginin ya isa a kalla. Sarki Suryavarman na Biyu ne ya gina Angkor Wat a farkon ƙarni na 12, kusan zamanin da tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara ganuwa. Da na faɗa wa Alhaji haka sai ya tsaya a kan doguwar hanyar dutsen da ta ratsa ruwan da ya kewaye ginin, faɗinsa kusan mita 190, ya daɗe bai ce komai ba. A ciki ya sa farce yana neman ya cusa tsakanin duwatsu biyu, ya kasa. Babu siminti, babu laka, an goge su ne har suka haɗe, bayan an jawo su daga tsaunin Kulen mai nisan wajen kilomita 40. Akwai bango guda da aka sassaƙa alloli da aljanunsu suna jan wani ƙaton maciji kamar igiya, tsawon kusan mita 50. A Bayon, ginin Jayavarman na Bakwai, duk inda ka juya fuskar dutse ce ke maka murmushi. A Ta Prohm saiwoyin itatuwa sun hau bango sun rungume shi. Filin gaba ɗaya ya kai murabba'in kilomita 400, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya tun 1992. Mu abin da muka gani a yini ɗaya, ga zafi ga ɓacin rai, bai kai cikin cokali ba.

Da magariba muka nemi masallaci. Akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham a Siem Reap, da unguwarsu da gidajen abincinsu na halal. Bayan salla wani dattijo direba ya zauna da mu, ya ji labarinmu, ya ce a nuna masa fasfo. Ya duba nawa ya miƙo. Ya duba na Alhaji, ya sake dubawa, ya ce, "Wannan bawan Allah ta ina zai koma?"

Biza mai shiga ɗaya tana mutuwa ne a daidai lokacin da aka buga maka hatimin fita, ko kwana nawa suka rage a kanta. Maganin abin yana nan, kuma ba tsada: izinin sake shiga, baht 1,000, ana karɓarsa a ofishin shige da fice na Tailan kafin a fita. Mai teburi ya san da wannan sarai. Bai faɗa ba ne don kada mu tsaya tunani cinikinsa ya wargaje. Sabuwar biza kuwa ga mai fasfo irin namu ba abin kwana biyu ba ne a ƙasar da ba taka ba.

Jakar Alhaji tana Bankok, sauran maganinsa yana Bankok, tikitinsa na komawa gida daga Bankok zai tashi, likita yana jiransa jibi. Na ce, "Alhaji, ku yafe mini, ni na ce muku aikinsu ke nan." Ya ce, "Bar shi yaro, haka Allah ya rubuta. Amma gobe in za ka fassara mini, faɗi abin da aka ce, kada ka ƙara naka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na raka shi Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, a bas, tafiyar awa shida, aka sayi sabon tikitin jirgi zuwa gida da kuɗin da aka turo daga kasuwa, sama da dala 1,300. Ni na koma ta Poipet a motar da na sake biya, don ta dawowar da ke cikin "komai a ciki" ba ta zo ba.

Wanda ya nace sai ya ga Angkor, ya fara da fasfonsa: shiga nawa bizar Tailan ɗinsa ta ba shi, kuma ya nemi ta Kambodiya a ofishin jakadancinsu tun kafin ya kama hanya, kada ya dogara da "za a yi a boda". Jirgi daga Bankok zuwa Siem Reap awa ɗaya ne. 'Yan jagora masu lasisi suna da riga iri ɗaya da katin hukuma, a can ake ɗaukarsu a yi ciniki ido da ido. Sannan ku sani a 2025 Tailan da Kambodiya sun gwabza a kan iyaka, tsohuwar rigimar da ta shafi irin waɗannan gine-gine, har da Preah Vihear da kotun duniya ta ba Kambodiya tun 1962. An rufe mashigun ƙasa, aka yi kwana biyar ana luguden wuta a watan Yuli. Tallar da aka turo mini makon jiya ko kalma ɗaya ba ta ce a kan wannan ba, tana nan tana alkawarin hayis ƙarfe bakwai na safe.

Da na koma lungun Pratunam teburin yana nan, kundin hotunan yana nan, amma wani ne zaune. Ya ce bai san wancan ba, shi jiya ya fara aiki. Ɗan kamashon kuwa na hango shi a ƙofar wani otal yana yi wa wasu Hajiyoyi biyu sallama. Na ƙarasa na gaishe su, na ce, "Hajiya, kafin ku ba shi ko sisi, ku ba ni minti biyar." Ko da na waiga ya shige cikin kasuwa.