Kwana ɗaya a bakin Tafkin Bosomtwe: masauki, jirgin yawo da wuraren da ke kusa

Na daɗe ina zuwa Kumasi, a ƙasar Ghana, wajen kawuna a unguwar Aboabo, amma ban taɓa sauka Tafkin Bosomtwe ba sai a wannan zuwan, alhali tazarar da ke tsakaninsa da birnin kimanin kilomita 30 ce kawai ta kudu maso gabas. Mu huɗu muka tafi, ni da kawu da 'ya'yansa biyu, muka kama ɗakuna a wani ƙaramin masauki da ke bakin ruwa, muka kuma ɗauki hayar jirgin yawo. Bayan kwana ɗaya da yini biyu, ra'ayina shi ne cewa wanda ya zo da rana ya tsaya a bakin shiga ya juya bai ga tafkin ba, kuma kuɗin kwana shi ne kuɗin da ya fi amfani a dukan abin da muka kashe.

Daga Kumasi hanya tana bi ta Atonsu zuwa Kuntanase, daga nan sai ta hau tudu, sannan ta gangara a karkace zuwa ƙauyen Abono, wanda ta nan akasarin baƙi suke isa ga ruwa. Wanda ba shi da mota yana iya shiga motar haya zuwa Kuntanase ya ɗauki tasi daga can. A kan gangaren ne mutum yake fara hango tafkin, kewayayye kamar an kafa tasa a tsakiyar duwatsu, gefensa duk daji da gonakin koko da ayaba da rogo. Wannan siffa tana da dalili, domin masana sun tabbatar da cewa wani ƙaton dutse ne daga sararin samaniya ya faɗo a wurin shekaru fiye da miliyan ɗaya da suka wuce, ya bar rami mai faɗin kilomita goma da rabi, ruwan sama ya taru a ciki. Faɗin ruwan kansa ya kai wajen kilomita 8, zurfinsa kuma ya kusa mita 80, kuma babu kogin da yake fita daga cikinsa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu da muhallinsu.

Kafin mu kai Abono an tare mu a wani shinge aka karɓi kuɗin shiga. Ba na ƙin biya, domin wuri irin wannan yana buƙatar kulawa, amma sai da muka nemi rasit kafin a ba mu, kuma da muka sauka daga mota wasu samari suka sake tare mu da littafi suna neman gudummawar dashen itatuwa. Kawu, wanda ya yi shekara talatin yana ciniki a kasuwannin Kumasi, ya yi musu magana da Turanci da harshen Twi cikin ladabi har suka ba mu hanya. Baƙon da ba shi da irin wannan jagora zai iya biya sau biyu bai sani ba. Abono ɗin kanta, a ranar Asabar da muka isa, cike take da motocin 'yan makaranta da na ƙungiyoyi, ga kiɗa daga manyan lasifiku, ga masu sayar da giya a rumfuna, abin da ba zai yi wa mai iyali daɗi ba.

Masaukinmu yana can gaba da ƙauyen, a kan wata hanyar ƙasa mai ramuka wadda nake shakkar ƙaramar mota za ta iya binta da damina. Da zarar an shiga harabarsa sai hayaniyar ta yanke. Ɗakunan ba na alfarma ba ne: gado da gidan sauro da fanka da banɗaki mai tsabta, sai baranda mai kallon ruwa. An ɗauke wuta da daddare na kusan sa'a biyu, ba a kuma tayar da janareta ba sai da muka yi magana, intanet ɗin wayar hannu ma yana zuwa yana tafiya. Amma ma'aikatan suna da kirki na gaske, domin da matar da ke kula da ɗakuna ta ga muna neman ruwan alwala, ta kawo mana buta da tabarma ba tare da an roƙe ta ba, ta kuma nuna mana inda rana take fitowa domin mu daidaita alƙibla.

Abinci shi ne inda masaukin ya fi burge ni. Kifin tafkin dangin karfasa ne, ƙanana ne idan aka kwatanta da na gona, amma namansu ya fi tauri da ɗanɗano. An gasa mana shi aka kawo da banku, wato tuwon ƙullun masara da rogo mai tsami, da yaji da albasa, yaran kuma aka soya musu doya. Ga Musulmi wannan ya sauƙaƙa al'amari, tunda babu tambayar wa ya yanka. Aibin kawai shi ne jira, domin sai an yi oda ake hura wuta, kuma mun zauna fiye da sa'a ɗaya kafin kwano ya iso. Mai hikima zai faɗi abin da yake so tun da la'asar.

Da asuba, bayan salla, na zauna a baranda na ga abin da ya sa nake cewa a kwana. Hazo ya kwanta a kan ruwa, masunta kuma suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa a zaune a kan falankin katako da suke kira padua, ƙafafunsa a cikin ruwa, yana tuƙi da hannuwansa yana duba tarunsa. Mutanen Asante, ƙabilar da ke wannan yanki, suna ɗaukar tafkin wuri mai tsarki, suna cewa rayukan matattu suna zuwa nan su yi bankwana kafin su wuce, kuma al'adarsu ta hana kamun kifi da kwalekwale irin wanda muka saba gani a Kogin Kwara ko Tafkin Chadi. Sunan tafkin ma, wanda a harshen Twi yake nufin abin bautar gada, daga labarin wani maharbi ya samo asali, wanda ya biyo gada da ya harba har ta shige cikin ruwan ta ɓace. Ba aƙidarmu ba ce, amma baƙo ya kamata ya san ta, domin ita ce ta sa har yau ake ganin wannan salon kamun kifi.

Jirgin yawon kuwa mai inji ne, an keɓe shi don baƙi. Matuƙin ya san ruwansa, ya kai mu kusa da kututturan itatuwan da suke tsaye a cikin tafkin, shaidar cewa ruwan ya taɓa hawa ya cinye tsohuwar gaɓa, ya kuma riƙa nuna mana ƙauyukan da suke kewaye da shi, waɗanda sun haura ashirin. Sai dai abu biyu ba su yi mini ba. Na farko, rigunan kariya daga nitsewa guda uku ne kacal a jirgin da ya ɗauki mutum takwas, ɗaya ma igiyarta ta tsinke. Na ce, "Kawu, ko mu haƙura?" Ya ce, "A'a, ɗana, a dai sa wa yaran, mu kuma kada a nisa da mu daga gaɓa." Haka aka yi, amma a ruwa mai irin wannan zurfi bai kamata fasinja ne zai tuna wa mai jirgi ba. Na biyu, an yi ciniki a kan zagaye guda ba a ambaci lokaci ba, sai ga shi an juyo da mu bayan minti ashirin. A yanke kuɗi da tsawon lokaci tun ƙafa tana kan tudu.

Bayan jirgi mun taka a ƙasa ta hanyar da ta haɗa ƙauyukan bakin ruwa, cikin inuwar koko, kuma ita ce nishaɗin da ba a biya ko sisi ba. Akwai masu ba da hayar doki da keke, mu dai ba mu gwada ba. Wanda zai zo don ɗaukar hoto ya guji tsakiyar hunturu, wato Disamba da Janairu, lokacin da ƙura take rufe duwatsun da ke ɗaya gefen.

A hanyar komawa mun ratsa Bonwire, garin masaƙan kente da ke kusa da Ejisu, inda ake saƙa ƙyallen a siraran layuka kamar yadda masaƙanmu suke yin saƙi, sannan a ɗinke su wuri ɗaya. Dajin Bobiri, kusa da Kubease a kan hanyar Accra, ya shahara da nau'o'in malam-buɗe-littafi kimanin 400, amma yana buƙatar safiya guda shi kaɗai, don haka muka bar shi sai wani zuwan. Washegari muka shiga gidan tarihi na fadar Manhyia a cikin Kumasi, ginin da Turawan Ingila suka yi a 1925 domin Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya bayan dawowarsa daga gudun hijirar dole a tsibiran Seychelles. Bayanin da aka yi mana a can game da matsayin sarki da kakanni a wurin Asante ya sa na ƙara fahimtar dalilin da suke ɗaukar tafkin wuri mai tsarki, har na yi tunanin da mun fara da fadar kafin mu gangara ruwa.

Masaukin zan koma masa, amma ranar Talata ko Laraba, da fitilar caji a jaka. Jirgin kuwa ba zan sake hawa ba sai na ƙirga rigunan kariya da idona.