Rance ko Tallafi: Hanyoyi Biyu da Aka Bi Lokacin Korona

Da kullen korona ya rufe kasuwanni a 2020, ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin su NACCIMA (ƙungiyar cibiyoyin kasuwanci) da MAN (ƙungiyar masu masana'antu) sun matsa wa gwamnatin Najeriya lamba ta kawo ɗauki, ita kuma ta bi hanyoyi biyu.

Ta farko rance ce. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL, inda magidanci zai iya neman har naira miliyan 3, ƙaramin kamfani kuma har miliyan 25, a kan ruwa kashi 5 cikin ɗari. Kuɗin da kauri, amma bashi ne, kuma ɗan kasuwar da shagonsa ke kulle a Kantin Kwari bai san ranar da ciniki zai dawo ba, balle ya yi lissafin biya. Ga kuma batun ruwa, wanda ya sa mutane da dama a Arewa suka ja baya.

Ta biyu ita ce Survival Fund (asusun ceto ƙananan sana'o'i) ta naira biliyan 75, wadda kyauta ce: an biya ma'aikatan ƙananan kamfanoni naira 30,000 zuwa 50,000 duk wata har wata uku, masu sana'ar hannu kuma naira 30,000 sau ɗaya. A ganina wannan ta fi dacewa da halin da ake ciki, sai dai tallafin albashin ya buƙaci rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni rajista), abin da yawancin masu shagunan unguwa ba su da shi, kuma naira 30,000 ba ta wuce kuɗin cefane ga tela mai iyali ba.