Nanoteknoloji ko Maikro-ilektironik: Wanne Za Ka Kama a Digiri na Biyu?

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala digirin farko a injiniyan lantarki, kana son fita waje ƙaro karatu, amma ka rasa wanda za ka kama tsakanin nanoteknoloji da maikro-ilektironik, kuma burinka ka samu aiki da zarar ka gama. In haka ne, ni dai maikro-ilektironik zan nuna maka. Bari in faɗi dalilina.

Su biyun 'yan gida ɗaya ne, amma kowa da aikinsa. Maikro-ilektironik sana'a ce da ta zauna da gindinta tun da aka ƙera taransista a Bell Labs a 1947, Jack Kilby kuma ya haɗa da'irar lantarki sukutum a kan ɗan guntu guda a 1958. Za a koya maka zanen irin wannan guntun, wato cip: yadda ake jera taransistoci su yi lissafi ko su ƙara wa sigina ƙarfi, da rubutun Verilog ko VHDL, harsunan kwamfuta da ake siffanta da'ira da su, da aiki da manhajojin Cadence da Synopsys. Yawancin yininka a gaban kwamfuta zai ƙare. In ka aika zanenka masana'anta, sai ka yi watanni kana jiran cip ɗin ya dawo, kuma waya ɗaya da ka haɗa ba daidai ba ta isa ta ɓata aikin duka. Abin da ka karanta a digirin farko shi ne tubalin ginin, ba za ka zama baƙo ba.

Ita kuwa nanoteknoloji, sunan daga ma'auni ya fito: aiki da abubuwan da girmansu yake tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Nanomita shi ne mita ɗaya a raba shi gida biliyan, silin gashi ɗaya yakan kai kaurin nanomita 80,000. A wannan ƙanƙanta abu yakan sauya hali, har ƙwayoyin zinariya su rina ruwa ya koma ja. Don ka gane dalili, dole ka dulmuya cikin fizik ɗin kwantam da ilimin sinadarai, kuma nan ne injiniyoyin lantarki da yawa suke jin jiki a zangon farko. Fagen yana da daɗi ƙwarai ga mai son bincike. A Manchester ne Geim da Novoselov suka ɓare girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, daga girafait (baƙin cikin fensir) da salatif a 2004, suka ci kyautar Nobel a 2010.

Ɗan nano a ɗakin tsafta yake rayuwa, wato ɗakin gwajin da ba a barin ƙura ta shiga. Ranar da na fara shiga irinsa, sai da aka lulluɓe ni da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, idanu kawai a waje. Aka karɓe littafina da fensir, domin takarda tana zubar da ƙura. Wurin da ake buga zane a kan faifan silikon fitilarsa rawaya ce, saboda farin haske yana lalata ruwan da ake shafa wa faifan. Na rinƙa riƙe faifan da hantsaki, numfashina a hankali. In ba ka da haƙurin maimaita gwaji ɗaya sau goma, wannan ɗaki zai gajiyar da kai.

Batun aiki shi ne ya raba min gardama. Kamfanoni suna ɗaukar mai zanen cip da digiri na biyu kai tsaye, kuma kuɗi na kwarara a fannin: Amurka ta ware kusan dala biliyan 52 a dokar da ta zartar a 2022, Tarayyar Turai ta biyo baya da tata a 2023. Ɗan nano shi ma yana samun gurbi a masana'antar ƙera cip, amma manyan ƙofofinsa na bincike ne, kuma galibi sai da digirin digirgir suke buɗuwa. Ka ƙara shekara uku zuwa biyar ke nan a lissafinka.

Game da inda za ka je, a ɓangaren zane ka duba TU Delft a Holan, ƙasar kamfanin ASML mai ƙera injinan buga cip, da TU Dresden a Jamus, garin da Infineon da Bosch da GlobalFoundries suke da masana'antu. A ɓangaren nano akwai shirin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai da jami'ar KU Leuven ta Beljiyam take jagoranta: shekarar farko a Leuven kusa da cibiyar binciken cip ta imec, ta biyu a wata jami'ar kamar Chalmers ta Suwidin ko Grenoble ta Faransa. Akwai kuma wanda ya haɗa fannonin biyu, inda ɗalibi yake yin zango a Torino, zango a Grenoble, zango a EPFL ta Suwizalan. Ga mai shakku irinka wannan ya cancanci kallo, sai dai sauya gari duk bayan 'yan watanni yana cin kuɗi da ƙarfi.

Tallafin Erasmus Mundus Yuro 1,400 ne a wata, amma ka tabbatar shirin da kake nema yana ba da shi a shekarar. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai dai kafin biza za ka nuna kusan Yuro 12,000 a asusu na shekara guda. Jami'ar KAUST ta Saudiyya tana ɗauke kuɗin karatu da masauki, da alawus a kai.

Kafin ka cike fom ko ɗaya, ka rubuta wa mai kula da shirin tambaya biyu: shin ɗaliban digiri na biyu suna aika cip ɗinsu a ƙera, ko suna shiga ɗakin tsafta da kansu? Sannan a ina 'yan ajin bara suka yi aikin kundinsu? In sun amsa maka, ka turo mu duba tare.